Fili, Magini da Makulli: Tarihin Ginin Shafukan Intanet

Shekaru kaɗan da suka wuce, wata ƙungiya mai zaman kanta da nake taya rubuta rahotanni ta wayi gari babu shafinta na intanet. Duk wanda ya rubuta adireshin ƙungiyar sai ya tarar da tallan caca cikin wani harshe da babu mai iya karanta shi a ofishin. Rahotannin shekara biyar, da hotunan ayyuka, da bayanan da masu ba da tallafi kan duba kafin su amsa wasiƙa, duk sun tafi a dare ɗaya. Da aka bi diddigi, sai aka gano babu wanda ya yi kutse, babu kuma wanda ya ci amana. Matashin da aka ba kwangilar ginin shafin ya yi rajistar adireshin ne da sunansa da imel ɗinsa, domin a lokacin hakan ya fi sauƙi, kuma babu wanda ya ce masa kada ya yi. Daga baya ya tafi karatu waje, katin bankin da ake cire kuɗin sabuntawa ya daina aiki, saƙonnin gargaɗi suka yi ta shiga akwatin da ya daina buɗewa. Wa'adi ya cika, wani ya saye adireshin.

Shugabar ƙungiyar ta yi ta nanata tambaya ɗaya: "To, mu me muka biya kuɗinsa?" Amsar wannan tambaya tana cikin tarihi. Sama da shekara talatin ke nan ana ƙera manhajojin da ke yi wa mai shafi alkawarin cewa zai gina abinsa da ido da hannu, ba sai ya nemi gwani ba. Kowane karo gwanin yakan dawo da sabon suna da sabbin kayan aiki. Kowane karo kuma sauƙin da aka samu yakan zo da igiyar da ke ɗaure shafin a jikin wani kamfani ko wani mutum. Wanda ya san yadda hakan ya riƙa faruwa zai san abin da zai tambaya ranar da ya zauna da wanda zai gina masa shafi.

Burauzar da ke karatu da rubutu

A watan Maris na 1989 Tim Berners-Lee, wani Bature ɗan Ingila da ke aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da Janeba, ya miƙa wa shugabanninsa shawarar wani tsari na haɗa takardun masu bincike ta yadda kowace za ta iya nuni zuwa wata. Zuwa ƙarshen 1990 ya rubuta burauza ta farko a kan kwamfutar NeXT, ya sa mata suna WorldWideWeb. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wannan burauza ba ta karatu kaɗai ba ce. Mutum yana iya buɗe shafi, ya gyara rubutu a nan inda yake kallonsa, ya ƙulla mahaɗi zuwa wani shafin, ya adana. A tunanin mai ƙirƙirar, mai karatu da marubuci mutum ɗaya ne, babu wani na uku a tsakani.

Ita kanta dabarar gyara abu yadda ake ganinsa ta girmi yanar gizo. Tun 1974 Butler Lampson da Charles Simonyi suka ƙera manhajar rubutu mai suna Bravo a cibiyar bincike ta Xerox da ke Kalifoniya, inda abin da ya bayyana a fuskar kwamfuta shi ne zai fito a takarda. A 1985 manhajar PageMaker ta kawo wannan salo cikin harkar ɗab'i, har ƙaramin ofis ya iya tsara mujallarsa ba tare da mai jera haruffa ba.

Sai dai kwamfutar NeXT tana da tsada, kuma 'yan kaɗan ne suka mallake ta. Burauzojin da aka rubuta domin sauran kwamfutoci sun ɗauki ɓangaren karatu suka bar na rubutu, saboda shi ne ya fi wuyar ƙerawa. A ranar 30 ga Afrilu 1993 CERN ta saki fasahar kyauta ga duniya. A wannan shekarar kuma burauzar Mosaic, wadda Marc Andreessen da Eric Bina suka rubuta a Jami'ar Ilinoi, ta nuna hotuna tare da rubutu a shafi ɗaya, jama'a suka yi ca a kanta. Amma Mosaic ba ta da wurin gyara shafi. Daga nan masu karatu suka kai miliyoyi, masu iya rubuta shafi kuwa suka zama 'yan tsiraru. A wannan gurbi ne sana'ar ginin shafuka ta tsiro.

Zamanin mai rubuta alamomi da hannu

Maginin farko ana kiransa webmaster da Turanci, kuma shi ne komai: shi ke rubuta alamomin HTML ɗaya bayan ɗaya, shi ke rage nauyin hotuna domin layin tarho ya iya ɗauka, shi ke kula da kwamfutar da shafin ke zaune a kai, wadda ake kira saba. Harshen HTML na farko bai wuce alamomi 18 ba, kuma an yi shi ne domin takardun kimiyya, ba domin ado ba. Da kamfanoni suka fara neman shafi mai kama da talla a mujalla, sai magina suka koma dabaru. Suka ɗauki teburin da aka tanada domin jera alƙaluma suka mayar da shi ginshiƙin tsara shafi, tebur cikin tebur, suna cusa ƙananan hotuna marasa launi domin tura rubutu gefe. Shafi yakan yi kyau a ido, amma in ka leƙa bayansa sai ka tarar da sarƙaƙiyar da mai ita kaɗai ya san kanta.

A wannan lokaci ne kuma adireshi ya zama abin haya. Kafin watan Satumba na 1995 rajistar adireshi mai ƙarewa da .com kyauta ce. Daga nan kamfanin Network Solutions ya fara karɓar dala 100 na shekara biyu. Farashi ya sauka sosai daga baya, musamman bayan kafa hukumar ICANN a 1998 da buɗe kasuwar ga kamfanoni da yawa, amma ƙa'idar ba ta sauya ba har yau: adireshi ba a sayensa dungurungum, haya ake biya shekara-shekara, kuma mai shi a idon tsarin shi ne wanda sunansa ke kan rajista, ko da wani ne ya ba da kuɗin.

Yunƙuri na farko mai ƙarfi na kawar da magini ya zo a 1995, lokacin da ƙaramin kamfanin Vermeer Technologies ya fitar da FrontPage. Manhajar tana kama da ta buga wasiƙa: ka rubuta, ka saka hoto, ita kuma ta rubuta alamomin a ɓoye. A watan Janairun 1996 Microsoft ta saye kamfanin a kan kimanin dala miliyan 133, daga baya ta haɗa manhajar da jerin manhajojinta na ofis. Sakatarori da malaman makaranta da limaman coci a Amurka suka gina shafukansu na farko da ita. Amma FrontPage tana da sharuɗɗa biyu da ba a faɗa da babbar murya. Alamomin da take rubutawa sun fi jituwa da burauzar Microsoft, wato Internet Explorer, a daidai lokacin da ake gwabza gasa da Netscape. Sa'annan wasu sassan shafin, kamar fom ɗin aika saƙo da akwatin bincike, ba sa aiki sai sabar da ke ɗauke da shafin tana da wasu ƙarin manhajoji na FrontPage ɗin. Fitowar 2003 ce ta ƙarshe, a 2006 kuma Microsoft ta jingine ta. Da masu ba da masauki suka daina tallafa wa waɗancan ƙarin manhajoji, sai fom-fom suka mutu a shafuka masu yawa, masu su kuma suka koma neman gwani ya sake gini.

Dreamweaver, wadda Macromedia ta fitar a 1997, ta bi wata hanya. Ta ba da damar tsara shafi da ido, amma ta bar alamomin a fili, kuma ba ta dagula abin da mutum ya rubuta da hannu. Saboda haka ba ta kori magini ba, hasali ma ta zama babban makaminsa. Abin da aka ƙera domin rage wahalar aiki ya sa mutum ɗaya a ɗakinsa yana iya kammala kwangilar da a da sai kamfani mai ma'aikata.

Unguwannin da aka rushe

Wanda ba shi da kuɗin magini a waɗancan shekaru yana da wata mafita. A 1994 David Bohnett da John Rezner suka kafa abin da ya zama GeoCities, inda ake ba kowa fili kyauta ya gina shafinsa. An kasa wurin unguwa-unguwa: masu son fina-finai suna Hollywood, masu harkar kuɗi suna WallStreet, masu falsafa da ilimi suna Athens, kowane shafi da lambarsa kamar gida a layi. A 1999 Yahoo ta saye GeoCities a kan hannun jarin da darajarsa ta haura dala biliyan 3.5. Shekara goma bayan haka, ranar 26 ga Oktoba 2009, ta rufe shi, ban da reshen Japan da ya kai 2019. Miliyoyin shafuka na tarihin iyali da waƙoƙi da darussa suka shafe. Abin da ya tsira shi ne wanda masu aikin sa kai na Archive Team da ma'adanar Internet Archive suka yi gaggawar kwafewa kafin a ja labule. Mazauna GeoCities sun zuba shekaru suna gini, amma ba su da adireshin kansu, ba su kuma da ta cewa a kan filin.

Masu kuɗi ma ba su tsira ba, sai dai tasu ta zo ta wata ƙofa. Daga ƙarshen shekarun 1990 manhajar Flash ta zama abin yayi: shafuka masu motsi da kiɗa da rubutu mai shawagi, waɗanda HTML na lokacin ba zai iya ba. Otal-otal da mawaƙa da kamfanonin motoci suka biya maƙudan kuɗi aka gina musu shafuka kacokan da Flash, wadda ta koma hannun Adobe bayan ta saye Macromedia a 2005. Sai wayar iPhone ta fito a 2007 ba ta buɗe Flash. A watan Afrilun 2010 Steve Jobs ya wallafa buɗaɗɗiyar wasiƙa yana bayyana dalilan da suka sa wayoyin Apple ba za su taɓa karɓarta ba. A 2017 Adobe ta sanar da ranar mutuwarta, ranar 31 ga Disamba 2020 kuma ta daina tallafa mata. Abin lura shi ne shafin farko na CERN, wanda aka rubuta da HTML tsura, har yanzu yana buɗewa a kowace waya, alhali shafukan Flash da suka ci dubban daloli ba sa buɗuwa a burauzar yau. Bambancin shi ne HTML da CSS, harshen ado da aka amince da shi a 1996, ƙa'idoji ne na kowa da kowa, Flash kuwa mallakar kamfani ɗaya ce.

Kasuwar magina

Kalmar da Turawa ke kiran ma'aikaci mai zaman kansa da ita, freelance, asalinta daga fagen yaƙi take. Ma'anarta mashi marar ubangida, wato sojan haya da ke yi wa duk wanda ya biya yaƙi, kuma littafin Ivanhoe na Walter Scott, wanda ya fito a 1819, shi ya yaɗa ta. Ginin shafuka ya dace da irin wannan aiki fiye da yawancin sana'o'i, domin kayan aikin kwamfuta ce kawai, kuma ana iya miƙa aikin ta waya ɗaya daga wata nahiya zuwa wata.

Matsalar ita ce amana. Yaya mai shago a Landan zai tura kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba a Lahor ko Manila, yaya kuma shi ma'aikacin zai yarda cewa za a biya shi? Kasuwannin intanet sun shigo ne a matsayin dillalai. Elance ta fara aiki a 1999. A 2003 wasu abokai biyu 'yan asalin Girka, ɗaya a Kalifoniya ɗaya a Atina, suka kafa oDesk, wadda ta shahara da ɗaukar hoton fuskar kwamfutar ma'aikaci lokaci-lokaci domin mai aiki ya tabbatar ana yin aikin da yake biya. Kamfanonin biyu sun sanar da haɗewa a ƙarshen 2013, a 2015 suka koma Upwork. Fiverr kuwa ta fara a 2010 a Isra'ila da tsarin da ya ba ta suna, kowane aiki dala biyar, kafin daga baya ta saki farashin.

Waɗannan kasuwanni sun kawo abubuwa biyu masu amfani: ajiye kuɗi a hannun dillali har sai an gama aiki, da kuma shaidar waɗanda aka taɓa yi wa aiki. Sun kuma karya farashi ƙwarai, tun da magini a Toronto yana gasa da magini a Daka. Amma akwai abin da tsarinsu bai rufe ba. Dillali yana tabbatar da cewa an miƙa aiki kuma mai shi ya gamsu a ranar miƙawa. Ba ya tambayar sunan wa ke kan rajistar adireshi, ko wa zai ɗaga waya bayan shekara biyu idan shafin ya tsaya. Shafi kuwa ba kamar riga ba ne da tela zai ɗinka a rabu. Ya fi kama da gidan ƙasa, kowace damina yana neman yaɓe.

Hanyoyi biyu: WordPress da gidajen haya

A watan Mayun 2003 Matt Mullenweg, ɗan shekara 19 daga Hustan, da Mike Little daga Ingila, suka fitar da WordPress, wadda suka gina a kan wata tsohuwar manhaja mai suna b2. Lasisinta ya ba kowa damar ɗauka da gyarawa da girkawa a duk sabar da ya ga dama. Ta raba rubutu da ado: mai shafi yana shiga ya rubuta labarinsa kamar mai aika imel, siffar shafin kuma tana cikin wani zubi da za a iya sauyawa. A yau, bisa ƙididdigar W3Techs, fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kan WordPress suke. Ita ma ba ta kori magini ba. Ta haifar da sabon nau'insa, wanda aikinsa zaɓen zubi ne, da haɗa ƙananan manhajoji, da sabunta su domin toshe kafar masu kutse. Da Elementor ta zo a 2016 da tsarin ja ka ajiye, sai ga dubban masu karɓar kwangila da ba su taɓa rubuta layin HTML ba.

Hanya ta biyu ita ce ta kamfanonin da ke haɗa komai wuri ɗaya: kayan zane, masauki da kulawa, a kan kuɗin wata-wata. Anthony Casalena ya fara Squarespace a ɗakin kwanansa na Jami'ar Meriland a 2003. Wix ta biyo baya a 2006 daga Tel Abib, kuma da Flash ta fara, sai a 2012 ta koma HTML5 da ta ga inda iska ta dosa. Sauƙin wannan hanya gaskiya ne, domin babu ruwan mai shafi da saba ko sabunta manhaja. Sharaɗinta shi ne gidan ba ya tashi daga filin. Shafin da aka gina a Wix ba a iya kwashe shi a kai wani masaukin, wanda ya so tashi sai ya sake gini.

Wayar hannu ce ta sake ɗaga darajar gwani. A watan Mayun 2010 Ethan Marcotte ya wallafa maƙalar da ta raɗa wa sabon salo suna, salon shafin da ke daidaita kansa da faɗin kowace fuska. A 2015 Google ta fara fifita shafukan da ke karantuwa a waya cikin sakamakon bincike, StatCounter kuma ta ba da rahoton cewa a watan Oktoban 2016 shiga intanet ta wayoyi da ƙananan alluna ya zarce na kwamfutar tebur a duniya. Tsara shafi ya tashi daga zana hoto ɗaya ya koma tsara ƙa'idojin yadda abubuwa za su jeru a faɗi iri-iri. Adobe Muse, wadda ta fito a 2012 da alkawarin shafi ba tare da rubuta ko alama ɗaya ba, ba ta jure ba, a 2018 aka sanar da dakatar da ita.

Webflow, wadda 'yan'uwa biyu Vlad da Sergie Magdalin tare da Bryant Chou suka ƙaddamar a 2013, ta ɗauki darasin. Maimakon ta ɓoye ƙa'idojin CSS, sai ta mayar da su maɓallai da ma'aunai da ake gani. Sakamakon shi ne shafi mai tsabtar gini, amma kuma manhajar da ba ta sarrafuwa sai ga wanda ya fahimci yadda shafi ke ginuwa. A yau akwai masu zaman kansu da kamfanoni da sana'arsu kacokan ita ce gina wa mutane shafi da Webflow. Manhajar da ta fito daga zuriyar masu alkawarin korar magini ta zama sana'ar magina. Ta fuskar mallaka kuwa tana tsakiya: mai biyan kuɗi yana iya fitar da HTML da CSS ɗin shafinsa, amma rumbun da ke sarrafa labarai da fom-fom da sashen ciniki ba sa aiki a wajen masaukinta.

Yadda abin ya iso mu

Adireshin Najeriya, .ng, ya samu rajista a 1995, amma an shafe shekaru ana jayayya a kan wanda zai riƙe shi, har sai da gwamnatin tarayya ta shiga tsakani aka kafa ƙungiyar NiRA a 2005. Wato ƙasar ma sai da ta yi nata rikicin makulli. Wayar salula ta GSM ta zo a 2001, shagunan intanet suka bazu a birane, kuma a irin waɗannan shaguna ne da yawa daga maginanmu na farko suka koyi aiki, tsakanin cike wa ɗalibai fom da buɗe wa mutane imel. Isowar igiyoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 a 2010 ta faɗaɗa hanya, ta kuma ba matasan Kano da Kaduna da Jos damar karɓar aiki daga abokan ciniki na waje.

Yawancin 'yan kasuwarmu kuwa sun tsallake zamanin shafi gaba ɗaya, suka buɗe shago a Facebook da Instagram da WhatsApp. Hakan yana da hikima, domin can masu saye suke. Amma wannan ma GeoCities ce da sabon fenti. Daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, waɗanda kasuwancinsu ya dogara da dandalin sun ga yadda ƙofar shago kan rufe ba tare da an shawarci mai shago ba.

Akwai abubuwa biyu da suka keɓanta da mu. Na farko kuɗin waje ne. Wix da Squarespace da Webflow da kuɗin waje suke karɓar haya. A 2022 bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka dakatar gaba ɗaya. Dalar da ke kusan naira 460 a farashin hukuma kafin watan Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Hayar shafin da ba a ƙara wa ko sisi ba a can ta ninka sau uku a nan. Na biyu haruffanmu ne. Ƙ da ɗ da ɓ da ƴ suna cikin tsarin Unicode, amma ba kowane salon rubutu ke ɗauke da su ba. Idan mai zane ya zaɓi salon da babu su, burauza takan aro harafin daga wani salon ya fito bare a tsakiyar kalma, ko ta nuna akwati. Zubin da aka tsara a Turai ba zai tuna da wannan ba. Mai shafin Hausa ya sa a rubuta masa "ƙoƙari", "ɗanɗano" da "ɓarna" a kanun shafi da cikin rubutu, ya duba a waya, kafin ya amince da zane.

Abin da ake saye a yau

Yanzu kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun zo da alkawarin da FrontPage ta yi a 1995: faɗi abin da kake so, shafi ya fito. Suna iya fitar da shi kuwa, cikin mintuna. Abin da tarihin nan ya nuna shi ne duk lokacin da wani ɓangare na aikin ya yi arha, darajar magini takan koma ɓangaren da bai yi arha ba. A 1996 ana biyansa ne domin ya san alamomi. A yau abin da ya cancanci kuɗi a wurinsa shi ne sanin abin da ya kamata baƙo ya fara gani, da sa shafi ya buɗe da sauri a wayar mai ƙaramin data, da zaɓen manhajar da ta dace da aljihun mai shafi har shekaru masu zuwa, da faɗa masa gaskiyar abin da zai rasa idan ya so tashi.

Saboda haka wanda zai ba da kwangila ya rarrabe abubuwa huɗu da aka saba dunƙulewa a kira su "shafi". Akwai adireshi, wanda ya kamata mai shafi ya yi rajistarsa da kansa, da sunan ma'aikatarsa da imel ɗin da ba na mutum ɗaya ba, ya kuma san ranar ƙarewar wa'adinsa. Akwai asusun masauki ko na manhajar zane, wanda ya kamata ya zama nasa, shi ya gayyaci magini ciki, ko a mayar masa da shi kafin biyan ƙarshe. Akwai abin da ke ciki, rubutu da hotuna, wanda ya kamata a ajiye kwafinsa a wani wuri daban. Sa'annan akwai kulawa bayan miƙa aiki, wadda ya kamata a rubuta ko nawa ce, kuma har zuwa yaushe. Magini nagari ba ya jin haushin waɗannan sharuɗɗa, domin shi ma suna kare shi daga kiran tsakar dare a kan aikin da ya gama shekara uku da suka wuce.

Ita ƙungiyar da na fara da labarinta ba ta dawo da adireshinta ba, domin wanda ya saye shi ya nemi kuɗin da ya fi na sabon gini. Mun tsinto kusan rabin rahotannin daga ma'adanar Wayback Machine ta Internet Archive, sauran kuma daga tsofaffin kwamfutocin ma'aikata. Hotuna da yawa ba a same su ba. An yi rajistar sabon adireshi, aka sake buga takardun ofis da katunan ma'aikata, aka rubuta wa masu ba da tallafi wasiƙar bayani. Wata matashiya ce ta gina sabon shafin, da kayan zane na ido, cikin mako uku. Kafin ta fara, ita da kanta ta zaunar da shugabar ƙungiyar gaban kwamfuta ta sa ta buɗe asusun rajista da hannunta, sa'annan ta ce a rubuta ranar sabuntawa a kalandar bangon ofis.